Kwalbar Inna Jumma Mai Dogon Wuya

Da hantsin wata Asabar Inna Jumma ta durƙusa a tsakar gida tana tsiyaye zoɓo, kamar yadda muka san ta shekara da shekaru a ƙauyenmu na kusa da Tsanyawa. Ba ta yarda a kamfata da moɗa. Karkata tukunyar take yi sannu a hankali, jan ruwan ya gangara cikin tulu, guggubi ya zauna a ƙasa. Kowane mazubi da aikinsa a wurinta: tukunya ta jiƙo ce, tulu na sanyaya abin sha, gora kuwa na masu tafiya gona.

A ranar ne dangin mai neman 'yarta Nazira za su zo gaisuwa daga Dawakin Tofa, kuma ba ta son su koma da wata magana a kan gidanta. Saboda haka ta ɗauko kwalbar da ɗanta Abdulgani, direban bas, ya kawo mata tsaraba daga Kano: gilashi garau, mai faɗin gindi da dogon wuya. Ta cika ta da zoɓo, ta ɗaga a rana tana murmushi.

Sai ga Hadi, ƙanen mijinta, wanda ya daɗe yana aikin girki a wani otal a Legas.

"Yaya, yaushe kika fara?"

"Fara me, sarkin surutu?"

"Wannan ai ta giya ce. Mai faɗin gindi ta jan ruwan inabi ce, a juye a ciki ya sha iska, guggubi ya tsaya a kwalbarsa ta asali. Ta barasa mai ƙarfi kuma kusurwa huɗu gare ta."

Inna Jumma ta yi salati, ta ajiye kwalbar kamar ta ɗauki garwashi. Can kuma ta dube shi.

"Ashe su ma ba sa son guggubi?"

"Sana'arku ɗaya, Yaya."

Ta jefe shi da mafici, sannan ta aika a tambayo liman. Liman ya ce kwalbar sabuwa ce, babu laifi. Ita dai ta ce liman ba zai bi baƙi har Dawakin Tofa yana yi musu bayani ba, kuma a cikinsu ba a rasa wanda ya san Legas. Ta mayar da zoɓon cikin tulu.

Baƙi suka sha a ƙoƙo, babbansu ya nemi ƙari, aka sa ranar kawo kaya.

Kafin magariba ta wanke kwalbar sau bakwai, ko da yake ba wanda ya ce ta yi. Da ta bushe, ta tsiyaye man gyaɗarta a ciki, sannu a hankali, ta rufe, ta tura ta bayan randa inda Abdulgani zai gani, baƙo kuwa ba zai gani ba.