Hannun Daman Ya'u

A unguwarmu a Daura, in ana ginin ƙasa mutane kan tsaya kallo, kuma ba magini suke kallo ba. Ya'u suke kallo, leburan da ke jefa tubali da curin laka ga maginin da ke zaune bisa katanga. Sauran leburori da hannu biyu suke cillawa daga ƙasa. Shi da dama kaɗai, ta saman kafaɗa, komai tsawon soro. 'Yan kallo su yi ta zuga shi, suna ce masa majajjawa, shi kuma kansa ya fasu ya ƙara nisa. Cikin masu zugar nan babu wanda ya taɓa kwana da ciwon.

Matarsa Haulatu ce ta san ciwon. Tun shekarar da aka ƙaddamar da shari'a gwiwar hannun ta fara kumbura, ita ke gasa masa da ruwan zafi da tsumma.

"Malam, ka huta wa hannun nan ko na mako guda ne," in ji ta.

"Targaɗe ne, gobe ya wuce."

Mai ɗori ya ja, ya murza, ya shafa man shanu. Mai kemis ya ba shi ƙwaya, zafin ya kwanta, ya koma bakin aiki yana murna ya warke. Da ƙananan yatsunsa biyu suka fara mutuwa, Haulatu ta matsa sai da ya je asibiti a Katsina. Likita ya ce masa jijiyar gwiwar hannu kamar igiyar guga take, kullum tana goga bakin rijiya, zare na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ko masu wasan jifan ƙwallo a ƙasashen waje ana hutar da su tsakanin wasa da wasa. Ya nuna masa yadda zai tako da ƙafa ya juya ƙugu, kada hannu ya ɗauki nauyin shi kaɗai. Amma kafin komai, hutu.

Ya'u ya dawo yana ba mu labari yana dariya, wai ɗan boko zai koya masa jifa. Rani ne, gini ya kankama, ya koma. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Kafin damina hannun ya ƙi miƙewa, ya shanye ya manne a ƙirji. Mutumin da bai taɓa cin tuwo da hagu ba, ya zama Haulatu ke ba shi a baki, a ɗaki, don kada 'ya'ya su gani. Ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba.

Bara zazzaɓi ya ɗauke ta. A maƙabarta, da aka gama jera itace aka liƙe da laka, aka ba shi wuri ya fara zuba ƙasa. Ya durƙusa ya kai dama, yatsun suka ƙi damƙa. Ya sake gwadawa. Wani ya ce masa a hankali ya yi da hagu, babu laifi.

"Ita ce fa," in ji Ya'u. "Ba zan ba ta da hagu ba."

Sai ya kama hannun daman da na hagu, ya tura ƙasar da bayan yatsu. Mu duka muka sunkuyar da kai, ni dai kuka na yi.