Jirgin Yaya Garba da Bai Sha Fenti Ba

Ranar Larabar da ta wuce aka cika shekara tara da rasuwar yayana Garba, wanda mutanen Sabon Birni suka fi sani da Garba Mai Walda, 'yan tsokana kuma suke kira Direban Sama. Allah Ya jiƙansa. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in rasa ta inda zan kama. Bana zan kama ta abin da ya fi ci masa rai, wato fenti.

Yaya Garba bai wuce firamare ba. Ƙofofi da gadaje da amalanken shanu su ne abincinsa. Amma shekara shida ya yi yana haɗa jirgin sama a filin bayan gidansa. Ya yi ƙashin jikin da bututun ƙarfe, ya rufe da fallayen alminiyon da yake tsinta wurin 'yan gwangwan, ya ɗora injin wani babban babur. Farfelar kuwa wani masassaƙin turmi ne daga Gangara ya sassaƙa masa. Ranar da ya fara tayar da injin, iskar ta kwashe shanyar matarsa Kulu ta watsa gidan maƙwabta, sai da aka bi gida-gida ana karɓo zannuwa.

Matsalar ita ce jikin jirgin faci-faci ne, kowane falle da kalarsa. Masu leƙe ta katanga suka sa masa suna akurkin kaji, kuma maganar ta shiga kunnensa ta zauna. Sai ya rantse jirgin ba zai taka ƙofar gida ba sai ya sha fenti fari tas, da layin kore guda ɗaya. Yakan ce mini, "Ba ni hiddo shi tsirara su yi mai dariya. Ran da yas sha hwenti, ran nan za su san abin da niy yi."

Mai fenti na farko na gidaje ne. Ya zo da burushinsa ya shafa irin wanda ake shafa wa bango. Kwana huɗu jirgin ya yi fari, ruwan farko na damina ya sauka ya wanke shi, har kajin gidan suka wuni da fararen ƙafafu. Wannan karon Yaya Garba dariya ya yi.

Na biyu kuwa laifina ne, kuma yau nake faɗa a bainar jama'a. Ina koyarwa a Isa lokacin, na ga aikin wani Isuhu, mutumin wajen Maraɗi, mai zanen manyan motocin kaya. Hannunsa ya burge ni, na ɗauko shi takanas. Aka yi rashin sa'a Yaya Garba yana da aikin ƙofofi na mako guda a Gatawa. Ya bar saƙo: fari, shafa ɗaya marar kauri, sai layin kore. Isuhu ya gyaɗa kai, sannan ya yi abin da ya saba yi wa kowace mota. Ya cike duk wata lotsawa da fila, wannan kwaɓin da ake lailaye jikin mota da shi. Ya bi da fenti shafa uku. Ya zana zaki a wutsiya, ɗawisu a kowane fiffike, furanni zagaye da taga, ya rubuta addu'ar sauka lafiya a ƙasa. Ni kuma ina tsaye ina ta sa masa albarka. Gaskiya ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba.

Sai ga Yaya Garba ya dawo. Ya zagaya bayan jirgin ya sa hannu ɗaya zai ɗaga wutsiyar yadda ya saba, ta ƙi tashi.

"Isuhu, mi kaz zuba mai?"

"Hila ce, maigida. Kowace mota hakanan muka yi mata, ta yi sumul awa ƙwai."

"Mota ƙasa taka bi, bawan Allah. Wanga sama za shi!"

Aka aro sikelin 'yan gwangwan aka auna, jirgin ya ƙara kusan nauyin buhun gero. Isuhu ya tattara gwangwanayensa cikin fushi, yana cewa tun da yake ba a taɓa raina zakinsa ba. Ni kuwa magana ɗaya Yaya Garba ya yi mini, a hankali: "Malam, kai da kay yi boko, ba ka iya hwaɗa mai tsuntsu ba ya ɗaukar kaya ba?" Bai sake tayar da zancen ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wata biyar ya yi yana kankarewa da wuƙa da samfefa, falle-falle. Ya samu labarin wani mai injin feshi a Sakkwato, aka yi ta alkawari: bayan girbi, bayan Sallah, in an gama aikin wani Alhaji. Daga baya ma mutumin ya ce sai dai a kai masa jirgin can. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da Yaya Garba, bai tashi ba.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Yara na nuna mini hotunan matasa a waya, wannan ya haɗa jirgi, wancan ya haɗa marar matuƙi, duniya na yaba musu. Na san zai karɓi wayar ya ƙanƙance ido, tambayarsa ta farko ita ce wane fenti suka sa. Sai dai zai yi baƙin cikin hanyoyinmu. Gatawar da ya je ya kwana bakwai yana aiki hankali kwance, yau sai mutum ya tambayi labarin hanya kafin ya hau babur. Isuhu ma ya daina tsallakowa.

Bana na ce bari in wanke laifina. Na samo mai feshi a Isa, na kai shi gidan da injinsa da farin fenti. Kulu ta tare mu a bakin rumfar da jirgin yake. Ta kama hannuna ta ɗora a fiffiken, na ji karce-karcen wuƙa jere da juna.

"Malam, wanga duk hannunai ne. In kun hesa, mi za ni riƙa dubi?" Sannan ta ce, "Jiran hwenti yah hana shi ganin jirginai bisa hanya. Ku bar shi hakanan, ku hiddo shi."

Na sallami mai feshin. Muka fasa katangar baya, muka turo jirgin har bakin titi.

Ban sani ba ko da zai tashi, kuma a raina ban taɓa yarda zai tashi ba. Abin da na sani shi ne wani mai walda a garinmu ya dubi sama ya ce shi ma zai iya, ya kuma yi aikin har ƙarshe da hannunsa. Mutane suka taru a ranar, masu babura suka kashe injinansu, tsofaffin da suka san shi suka riƙa shafa jikin jirgin suna yi masa addu'a. Babu wanda ya yi dariya. Ni ne kawai na kasa tsayawa, na koma cikin gida.