Tulin Ƙasar da Gireda Ta Bari a Ƙofarmu

Gidanmu shi ne na ƙarshe a gangaren layinmu, daidai inda hanya ta karya kwana ta nufi rafi. Duk wanda ya zauna a Kafanchan ya san ruwan garin ba ya wasa. Abin da ya sauka a kan kwanon kowane gida na layin, ta ƙofarmu yake wucewa. Mahaifina ya san da haka lokacin da ya sayi filin, amma iya inda ƙarfin lebura na jirgin ƙasa ya kai ke nan. Da hannunsa ya buga tubali ya tayar da ɗaki biyu, ɗaya na Mama, ɗaya nawa. Da ya rasu, 'yan'uwan Mama suka matsa mata ta koma Kagoro. Ta ce ba inda za ta, ita ba za ta tsufa tana jiran matar ƙani ta zuba mata tuwo ba alhali tana da ɗakinta.

Abin da ya riƙe ɗakin nan a tsaye lambatu ne, kuma ba hukuma ce ta haƙa shi ba. Bayan tashin hankalin da garin ya gani a 1987, layinmu ya yi sanyi. Mutanen da suka saba aika wa juna shinkafar Kirsimeti da naman Sallah suka koma ɗaga hannu daga nesa. Ruwa ne ya sa muka koma magana. Maƙwabcinmu na jikin katanga, wani Alhaji mai sayen citta wanda kakanninsa a garin aka binne su, shi ya fito da diga da shebur wata Asabar ta shara, ya fara sara ba tare da ya ce wa kowa komai ba. Kafin rana ta take, dattijon majami'armu yana kwasar ƙasa a bayansa, samari sun cika layin. Aka ja lambatun tun daga bakin kwalta har rafi, aka jera masa duwatsu. Damina biyu muka yi ko ɗigo bai shiga mana gida ba.

Lokacin na gama kwalejin horar da malamai da ke Gidan Waya, ina koyarwa a firamare, ina ganin na san yadda ƙasa take tafiya. Ashe ban san ƙaramar hukumarmu ba. Ita ba ta taɓa hanya don masu binta. Sai an ce wani babba zai zo daga Kaduna, sannan gireda, motar kankare hanya, take farfaɗowa daga inda ta kwanta cikin ciyawa, a shafa wa duwatsun bakin titi farar ƙasa, a kori masu gasa masara. Har wata dabara suke da ita wadda na jima ina mamakin wanda ya koya musu: layukan da suka fito daga babban titi, iya inda idon mai wucewa a mota zai hango ake gyarawa. Abin da kwana ta ɓoye, wannan tsakaninku ne da Allah.

To, haka aka yi mana. Ana gab da faɗuwar damina gireda ta shigo layinmu da gurnani, yara na binta da ihu. Ta kankare hanya tas, ta turo duk ƙasar da ta kankaro zuwa gangare, ta zo ta jibge ta a kwanar gidanmu inda ba a hangowa daga titi. Tulin ya fi ni tsayi, kuma a cikin lambatu ya zauna daram. Na fito da gudu ina ɗaga wa direban hannu, ya nuna mini wani mai hular kwano da ke tsaye a inuwa, wai shi ne foman.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kun toshe mana hanyar ruwa."

Ya ce, "Madam, kwantar da hankali. Wannan ƙasa na aiki ne, kwalbati za a yi a nan. Kontirakta yana zuwa wik mai zuwa." Ya sa aka kawo wani fegi da aka shafa wa jan fenti, aka kafa a ƙololuwar tulin. "Wanda ya taɓa, shi da gwamnati."

Babban baƙon ya wuce washegari. Mu dai jiniya muka ji.

Da yamma Alhaji ya leƙo, ya daɗe yana kallon tulin, sannan ya yi sallama da Mama. Ya ce, "Maman Malama, wannan abu ba zai yi ba. In ruwa ya sauko, jikin ɗakinki zai kwanta. Ki ba ni izini in tara yara mu yanka masa hanya, ko da ta gefe ce."

Mama ta girgiza kai. Ta taso a zamanin da in ma'aikacin hukuma ya soka sanda a gona, ko akuya ba a bari ta tsallaka ta. Ga shi mulkin soja, ga garin bai gama hucewa ba, taron maza da diga da shebur abin a kai rahoto ne. Ta ce, "Alhaji, na gode. Amma gomnati ya sa alama. Kar a ce gwauruwa ya tara mutane ya rushe aikin gomnati, a zo a kwashe yaran mutane saboda ni. Sun ce za su yi, mu ba su lokaci."

Na yi mata faɗa a ranar har ta daina amsa mini. Yanzu da na kai shekarunta, na gane tsoronta ba na wauta ba ne. Amma har gobe ina jin zafin yadda jan fenti na kwabo ya ɗaure hannun layi guda.

Ruwa ya sauka. Ya gangaro ya tarar da tuli, ya rasa hanya, ya kwanta a gindin ɗakin Mama. Sai na fara sintiri zuwa sakateriya bayan an tashi makaranta. Sashen ayyuka suka ce maganar ta sashen filaye ce, tunda akwai fegi. Na filaye suka ce su ba su san da fegin ba, in koma ayyuka. Foman ya tafi kwas. Injiniya yana mitin. Ciyaman ya tafi Kaduna, in ya dawo kuma ya gaji. Wani magatakarda da ke ɓare gyaɗa a kan teburinsa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ticha, ke kaɗai ne ruwa yana damunki a garin nan?" Na fito, na tsaya a baranda ina kallon giredar nan, an mayar da ita cikin ciyawarta, kaji na kiwo a ƙarƙashinta.

Iyakar ma'aikatan hukuma da suka tako ƙofarmu a daminar nan duba-gari ne. Suka zo su biyu da kakinsu, suka ga kududdufi ya yi kore, suka ce muna kiwon sauro, in ba mu kawar da ruwan ba za su kai Mama kotun tsafta. Na nuna musu tulin. Ɗayansu ya ce, "A'a, wannan ba dipatmen namu ba ne." Ko a jikinsu.

Bango ya fara jiƙewa daga ƙasa, danshi na hawa a hankali har ya kai tsayin gado. Mama tana yaɓa sabuwar laka da safe, da yamma ta zube. Alhaji ya kawo buhunan citta da suka tsufa, muka cika su da yashi muka jera. A ƙarshe ya daina neman izinin kowa, ya sa aka fara yanka tulin ta baya inda ba a gani, amma ƙasar ta riga ta kama ta yi tauri, bangon kuma ya riga ya sha abin da zai sha.

Ranar wata Lahadi cikin watan takwas, muna tsakiyar sujada aka yi ruwa mai ƙarfi, har ba a jin wa'azi don ƙarar kwano. Da muka dawo, tun daga bakin layi na hango mutane. Ɗakin Mama ya zauna. Bangon da ke fuskantar hanya ya kwanta gaba ɗaya, rufin ya rusuna a kansa. Matan gidan Alhaji sun ji ƙarar tsagewarsa tun kafin ya faɗi, suka shiga suka fitar da akwatinta da keken ɗinki da katifa, ga su jere a zaurensu. Mama ba ta yi kuka ba. Ta tsaya da kayan zumuntar matan majami'a a jikinta, ta ce, "Mun gode wa Ubangiji ba kowa a ciki." Ni ce na yi kukan, na kuma zagi hukuma da bakin da na gama rera waƙar yabo da shi.

Ɗakina ma ya tsage, ba mai kwana a cikinsa. Ni na sami wurin raɓawa a gidajen malamai. Mama kuwa babu sauran gardama, ƙaninta ya aiko cewa ta taho Kagoro.

Muna cikin haɗa kaya sai ga tifa ta hukuma cike da leburori. Na ce ko kunya ta kama su. Ashe wani baƙon ne zai sake wucewa, ruwa kuma ya haƙa rami a bakin layinmu, daidai inda ake gani daga titi, suna neman abin cikewa. Tulinsu ya yi musu tauri. Ɓaraguzan ɗakin Mama kuwa ga su a sake, a bakin hanya. Suka loda su, suka kai suka zuba a ramin, suka daddaɓe. Babu wanda ya ce mana sannu.

Washegari na raka Mama a ƙaramar bas da muka ɗauko don kayanta. Da muka iso bakin kwalta, sai ga gutsattsarin bango a shimfiɗe a hanya, wasu har da shuɗin fentin cikin ɗaki a jikinsu. Mama ta leƙa ta taga, ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗar direba.

Ta ce, "Ɗana, bi a hankali. Ɗakina ne kake takawa."