Fatar Kujerun Alhazan Albasa

Ni mutumin Jega ne, a nan aka yanke mini cibi, kuma kafin abin da zan ba ku labari ban taɓa kwana uku a jere a wani gari ba. Ba ni son tafiya. Ka bar ni ƙofar gidana da tabarma da kofin shayi da wanda zai saurare ni, to ka gama mini komai. Boko aji huɗu na yi na gudu, saboda haka samari ku yi haƙuri da rubutun. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, na bar shi.

Sana'ata ɗinkin kujerun mota. Na koye ta wurin wani dattijo, Baba Manu, mai rumfa a bakin hanya kusa da tasha. Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashinsa. Shi ya nema mini aure, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. Da yanar ido ta rufe masa gani har ya daina ganin kafar allura, sai ya miƙa mini almakashi da keken ɗinki ya ce in riƙe rumfar, shi zai riƙa zuwa yana zama a benci. Rumfar dai tasa ce. Duk wanda zai kawo mota, "wurin Baba Manu" yake cewa, tun daga Aliero har Maiyama.

Shi ya koya mini bambanta fatar gaske da ta roba. Fatar gaske in ka danna yatsa sai ta yi tamoji kamar goshin tsoho, tana shan zufa, bayanta kuma gashi-gashi ne. Ta roba kuwa yadi ne aka shafa wa roba aka buga mata zanen fata, da sanyi ta yi tauri, da zafi ta manne maka a baya. Ko da ido ya tafi, Baba Manu kan shafa kujera sau ɗaya ya faɗi abin da take. Ya kan ce mini, "Ɗana, duk wadda mai mota ka so, yi mishi. Amma gaya mai sunanta kahin ka yanka." Roba ba laifi ba ce. Ɓoye sunanta ne laifi. Na ji wannan magana ta fi sau ɗari, kuma ita na taka.

Da ƙananan abubuwa na fara. Ƙyallayen fatar da suka rage in an yi faci, hakkin mai mota ne, sai in zuba a aljihu in kai wa dukawa masu ɗinka walat. Ba wanda ya tambaya. Daga nan in an kawo babbar mota gyara, sai in cire fatar bayan kujera inda ba a dubawa, in mayar da roba mai launinta. Nan ma shiru.

Ana nan sai ga Alhaji Bawa, wani babban ɗan kasuwar albasa daga Aliero, da wata jif baƙa mai kujeru ruwan madara, irin wadda in ka shiga kake jin kunyar takalminka. Ya ɗauko buhun samfuri a kujerar baya, ya manta da shi kwana huɗu cikin rana, albasa ta ruɓe, ruwanta ya shige fata. Ya ce an wanke, an fesa turare, an yi hayaƙi, wari na nan. "Iyalina sun ce gara su hau babur. Ka yi mani dabara."

Akwai wani dillalin motoci, Sanda, mutumin wajen Maiyama, da yake yawan zama rumfarmu. Da Alhaji ya tafi sai ya ja ni gefe inda Baba ba zai ji ba. Ya ce, "Kai wawa na? Hwata ta sha wari, roba ba ta sha. Ɗebe ta duka, ka ɗinka mai ta roba, ka ce wanki ka yi. Ni ina da mota irin wagga da kujerunta sunka mutu, sai in sayi hwatar in sa mata. In ta sha iska wata biyu, wa ka jin albasa?"

Na ce masa ina tsoro. Ya ce, "Tsoron mi? Alhajin da ba ya bambanta atamfa da buhu?" Na yi dariya. Wallahi dariyar nan ita ta kai ni gidan yari.

Na gaya wa Baba cewa aikin sai a inuwa, na kai kujerun gidan Sanda. Kwana shida ina farke ɗinki, ina ɗora kowane yanki a kan roba ina zana shi ina yankawa. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau. Layi biyu na zare a miƙe, ko'ina ya zauna ɗas. Da na zuba wannan ƙwazon a aikin halal da yanzu ni ake kawo wa motoci daga Birni.

Alhaji Bawa ya zo ya shiga, ya ja numfashi, ya ce, "Allahu akbar! Ta koma sabuwa!" Ya je Aliero yana ta yayatawa wai wurin Baba Manu akwai sirrin wanke fata. Abokansa 'yan albasa, waɗanda duk motocinsu ba su rasa ɗan wari, suka yi ta kawowa. Mota shida na yi wa haka. Ɗaya daga cikinsu har ya aika wa Baba buhun albasa gida don godiya. Tsoho ya yi ta sa mini albarka a gaban mutane. Ya tambaye ni da me nake wankewa, na ce wani sabon sabulu ne. Sau biyu ya ce in kawo masa kujerar ya shafa, ina cewa gobe.

Da bazara ta tsaya, Alhaji Bawa ya je Mungadi duba shanunsa, ya rage wa Ardon da ke kula da su hanya zuwa kasuwar Jega. Direban Alhaji ne ya ba ni labarin daga baya. Ya ce Ardo ya yi ta mutsu-mutsu a kujera, can ya ce, "Alhaji, ka sake shimhiɗa?" Alhaji ya ce wanki kawai aka yi. Ardo ya shafa, ya sunsuna, ya ce, "A'a. Wadda na hau bara ta saniya ce. Wagga ba ta taɓa cin ciyawa ba. Dubi rigata, ta manne." Nan take Alhaji ya sa aka tsaya, ya karɓi wuƙar Ardo ya tsaga ƙasan kujera. Sai ga farin yadi.

Ranar kasuwa ce, gari cike. 'Yan sanda suka zo rumfa ina gida ina cin abincin rana. Suka tambayi mai wurin, Baba ya ce shi ne. Aka riƙo hannunsa aka ratsa da shi cikin jama'a, yana lalube da sanda yana tambayar abin da ya yi.

Labari ya iske ni da loma a hannu. Ku ji abin da na yi: na shige ɗaka na rufe ƙofa. Kwana biyu. Ina ta gaya wa kaina ai za su ga tsoho ne su sake shi. A rana ta biyu maiɗakina ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, mutumin da yak kai goron aurena na kwance bisa siminti, kai kana bisa katihwa. In ba ka tashi ba, ni za ni in hwaɗi." Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba sai ranar. Na tashi.

A ofishin 'yan sanda na faɗi komai. Da za a saki Baba aka biyo da shi ta gabana. Na durƙusa na kama ƙafarsa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi, "Albasar da anka kawo mani, ta wanga aiki ce?" Na ce e. Ya ce, "Mun cinye ta, ni da jikokina." Ya wuce.

Sanda ya gudu, har yau ban san inda yake ba. Ni alƙali ya ba ni shekara biyu. Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Mutumin da ba ya iya kwana gidan suruki, ku auna shi a ɗaki ɗaya da mutum talatin, ga zafi, ga kuɗin cizo, ba wanda ke son hirarka. 'Yata ta fara tafiya ba na nan.

Da na fito na tarar rumfa ta zama wurin facin taya. Baba ya sayar da keke ya ba masu motoci haƙuri da kuɗin, alhali ba wanda ya ɗora masa. Na je gidansa. Ya ce ya yafe tun ina ciki, ya sa aka kawo mini fura. Amma a hanyar fitowa na ji wani mai shayi yana yi wa baƙo kwatance: "Ka bi nan, bayan gidan Manu Mai Roba." Shekara arba'in mutumin nan yana faɗa wa mutane gaskiyar abin da zai ɗinka musu, ni na sa aka canza masa suna.

Na hau mota, ni da ba ni son tafiya, na je Aliero na bi alhazan nan shida ɗaya bayan ɗaya. A gaban yaransu da buhunansu na ce tsohon bai sani ba, ni ne. Huɗu suka ce Allah ya kyauta. Ɗaya ya ƙi ganina. Alhaji Bawa ya dube ni ya ce, "To wa ya koya maka ɗinkin?" Na rantse, na sake rantsewa. Ya juya ya ci gaba da awo. Ɓarawo ne ke ba da shaida, wa zai karɓa?

Yanzu kujerun babur nake ɗinkawa a gindin dalbejiyar ƙofar gidana, da roba, kuma kowa na ce masa roba ce kafin in yanka. Na tuba ga Allah, ina fatan ya karɓa.

Samari, musamman ku masu koyon sana'a a hannun wani, ku saurare ni. Ranar da kuka fara sa ƙyallen da ba naku ba a aljihu, ku mayar da shi a ranar. In wani ya ja ku gefe don kada maigidanku ya ji, kada ku bi shi. Kada ku ce in an kama ku ku kaɗai za ku sha. Ni shekara biyu aka yanke mini kuma na gama. Wanda bai yi komai ba har yanzu bai gama nasa ba.

Kowace Juma'a ni ke jan hannun Baba Manu zuwa masallaci. Ba ya yarda mu bi babban titi ta tasha inda aka san shi, sai lungu ta bayan gidaje, cikin kwata da awaki. Duk mako ina ce masa, "Baba, mu bi titi yau." Shi kuma ya ƙara riƙe hannuna ya ce, "Ba yau ba, ɗana."