Notin da na ƙara wa ɗauri

Sana'ata ɗaure kaya. In an tambaye ni a Kano nakan ce ina da ofishin shifin, na tura kaya ta teku, a titin Huanshi Lu, amma gaskiyar aikin ɗauri ce. 'Yan kasuwarmu su sayo kaya a Guangzhou, ni in tara, in loda a kwantena, in tabbatar ko teku ta yi wata guda tana hauka babu kwalin da zai motsa. Na yi suna a kan haka. Lebura zai ja bel har ya yi nishi ya ce ya ɗauru, sai na sa hannu na ƙara ja. A wurina duk abin da ya kwance, wani ne ya yi sakaci. Da wannan hannun na lalata gwiwar 'yata.

Ita ce ta fari, sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Mamana nake ce mata. A nan aka haife ta, a nan take makaranta. Sinanci a bakinta ba gargada, Hausarta kuwa ta cikin gida ce, irin ta aike da gaisuwa. Tun tana ƙarama ita ce tafintata a asibiti da wajen mai gidan da muke haya a Panyu. Ni Sinancina na kasuwa ne: laoban wato maigida, nawa ne, ya yi tsada, mei you wato babu. Da shi nake cin abinci, ban taɓa jin ina bukatar ƙari ba.

Garin nan ba ya ganin dusar ƙanƙara, zafi ne da gumi kusan duk shekara. Amma can arewacin gari an gina wani makeken gini, firji ne kawai mai girman unguwa, aka yi tudu a ciki, inji na fesa masa dusa, mutane na biyan kuɗi su shiga su ji sanyi su zame. Makaranta ce ta fara kai su. Ta dawo hanci na yoyo, ido na ƙyalli, ta hana mu cin abinci da labari. Uwarta ta ce sam, ba za ta haifi yarinya da ƙafafu biyu lafiya ta je tana neman karaya da kuɗinmu ba. Abin da ya sauko da ita shi ne da ta ga kayan wasan: wando mai kauri, riga har wuya, safar hannu, hular kwano a kan hijabi, ga gilashi ya rufe rabin fuska. Ta juya 'yarta gaba da baya, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wasan da ya kai wannan sutura ba.

Shekara uku tana zuwa duk Asabar, da allunan haya. Allunan nan guda biyu ne dogaye, kowace ƙafa da nata, a tsakiyar kowanne akwai wani mariƙi na ƙarfe da ke cafke takalmi ta gaba da ta dunduniya. Ni na ɗauki abin shirme ne mai tsada. Ina kai ta in zauna a gidan shayin da ke bayan gilashi, in yi ta waya da kwastomomi, lokaci-lokaci in ɗaga kai in nemi jar rigarta a kan tudu.

Tana da shekara goma sha biyar malamarsu, wata gajeriyar mata 'yar can arewacin China mai muryar soja, ta zaɓe ta cikin waɗanda za a tafi da su duwatsu a hutun sanyi. Can dusar ta Allah ce, ba ta inji ba, laushi gare ta kamar garin tuwo, mutum na nutsewa har gwiwa. Irin wannan dusa sai da alluna masu faɗi, waɗanda ke tafiya a samanta ba sa nutsewa. Na ce zan saya mata nata, 'yata ba za ta je cikin mutane da kayan aro ba.

Daga ranar gidanmu ya koma majalisar allo. Tana cin abinci tana karanto mana abin da masu wasan suka rubuta a waya. Wannan ya ce nasa na shawagi a kan dusa ko ba ka yi komai ba. Wancan ya ce ƙarfen gefen nasa ya ɓantare tun sanyi ɗaya bai fita ba. Wani kuma ya rantse in ba a ja mariƙin baya kaɗan daga alamar tsakiya ba, hancin allon zai riƙa caka cikin dusa. Duk ban ji ba sai maganar ɓantarewa. Na ce ta bar min wannan, in dai ƙarko ne fagena ne.

A shagon na ba mai kayan wahala. Na lanƙwasa allo, na ƙwanƙwasa shi da zobe, na bi gefensa da farce, na ajiye biyu na ce saman nasu zai ɗaye. Mutumin ya yi dariya ya ɗaga mini babban yatsa, ya ce laoban ya san kaya. Muka ɗauki mafi kauri. Sai aka zo ɗaura mariƙi. Ya auna takalminta, ya ɗora ta a sikeli, ya tambayi shekarunta da tsawonta, ya duba wata takarda, sannan ya huda allunan da inji. Mamana ta ce mini hujin nan sau ɗaya ake so a yi shi, don kowane ƙarin rami rage wa allo ƙarfi yake. Wannan na gane, na kuma yaba. Daga nan ya juya wani noti har wata 'yar alama a cikin ƙaramar taga ta tsaya a kan lamba biyar.

"Baba, ka ga wannan lambar, ita ce…"

Wayata ta yi ƙara, wani Alhaji ne daga Kwari yana neman kwantenarsa. Na ɗaga mata hannu na fita waje. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tambaya ba.

Asabar ɗin da ta biyo ta gwada su a ginin nan. Malamar ta riga ta gaya mata alluna masu faɗi ba sa son dusar inji, tauri gare ta, za su riƙa karkarwa a kwana, ta dai saba da su kafin tafiya. Ranar ban yi waya ba, na manne da gilashi. Ta faɗi sau biyu, kuma duka biyun allo ɗaya ya fice daga ƙafarta ya gangara abinsa, tana binsa tana ɗingishi a cikin wannan ƙaton takalmi, yara na wuce ta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sabon kaya, an ɗaura shi a gabana, yana ƙwacewa tun ranar farko? Na tuna dariyar mai shagon da babban yatsansa, na ce wato baƙo ya gani ya yi masa aikin gaggawa. Na hango ta a tsakiyar duwatsu, allo ya fice ya nutse a dusa, tana laluba, abokan tafiya sun yi gaba.

Washegari bayan la'asar ita da uwarta suka tafi unguwar Dengfeng sayo busasshiyar kuɓewa da daddawa. Na jawo allunan tsakar ɗaki, na ɗauko sukurudireba. Noti huɗu ne, biyu a kowane allo. Ina juyawa alamar na hawa, shida, bakwai, har ta tsaya a goma ta ƙi gaba. Na sa takalmin a ciki na girgiza da duk ƙarfina, ko motsi. Na mayar da su jaka ina jin daɗi a raina, irin wanda nake ji in an rufe ƙofar kwantena. Ban gaya wa kowa ba, so nake ta gani da kanta.

Gilashin gidan shayin nan ba ya barin sauti ya wuce, shi ya sa ban ji ƙararta ba. Asabar ta gaba ce, a gangarowarta ta uku. Ta shiga kwana, allon hagu ya kafe gefensa a dusa, jikinta ya juya, shi bai juya ba, bai kuma sake ta ba. Na ga jar rigar a kwance, allon na nan liƙe da ƙafar, ƙafar na kallon inda bai kamata ba. Abin da ya fara zuwa raina, Allah Ya yafe mini, shi ne: yau dai bai ƙwace ba. Sai na ga ba ta tashi ba.

Likita ya ce jijiyar cikin gwiwa ta tsinke, sai an yi aiki. Ita ce ta fassara mini hakan da bakinta, tana kwance a gado, leɓenta ya bushe.

Kwana biyu bayan aikin malamar ta zo dubiya da rana. Ta ajiye lemo, ta ciro waya, ta nuna mana hoton 'yar tagar nan da alama a kan goma. Ta juyo gare ni da guntun Turancinta da hannuwa. Ta haɗa tafukanta, ta karkata kamar mai faɗuwa, ta buɗe su, ta dafa gwiwarta ta ɗaga yatsa. Biyar, ya buɗe, gwiwa ta tsira. Goma, ba ya buɗewa. Ashe an yi mariƙin ne don ya saki. Ficewar nan da ta ɓata mini rai, aikinsa yake yi.

Sai ta juya ga Mamana ta yi tambaya da Sinanci, murya a sama. Ba sai an fassara mini ba, na san me take tambaya: wa ya taɓa notin? Mamana ba ta kalle ni ba. Ta dafa ƙirjinta ta ba da amsa gajeriya, a ciki na tsinci kalmar da ko ɗan kasuwa ya sani, wadda ke nufin "ni", wato ta ce ita ce ta ɗaure. Malamar ta yi ta faɗa, tana nuna hoton, tana nuna gwiwar, har mai jinyar gadon kusa ta leƙo. 'Yata ta sunkuyar da kai tana karɓa. Ni ina tsaye a gefen gado riƙe da ledar magani, ban ce uffan ba.

Da matar ta fita na ce, "Mamana, me take cewa?"

Ta ce, "Sannu take yi mini, Baba."

Na ce to. Kunyar wannan "to" ɗin har yau ba ta sake ni ba.

Abokanta suka tafi duwatsu. Hotuna suka riƙa shigowa wayarta, yara cikin dusa har ƙugu, ba a ganin allunansu sai farin gari na tashi a bayansu. Tana kallo tana murmushi tana aika musu amsa, sai ta kifa wayar a kan cinya. Uwarta ta yi ta mita, ita dama ta faɗa, a fitar mata da katakan nan daga gida. Na kai su shagon, mutumin ya ce an huda su daidai ƙafarta, mai saye zai yi wuya. Na dawo da su bayan ƙofa. Ko ƙwarzane babu a jikinsu, ƙarko kam na zaɓo.

Wata biyar ina kai ta gashin ƙafa sau biyu a mako. Likita ya ce tafiya za ta dawo daidai, amma wasan nan kada ta sa rai da wuri, wataƙila ma ta haƙura. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin ta tana sallah a kan kujera, yarinya 'yar sha biyar, kamar kakarta a ƙarshen rayuwa. Kullum in ce yau zan faɗa, kullum bakina ya yi nauyi. Na gaya wa kaina ai ta sani, tunda ta rufa mini asiri. Amma sanin da ta yi daban, in buɗe baki in ce ni ne daban, kuma tana da haƙƙin ta ji daga gare ni.

Wata Laraba muna dawowa daga asibiti ta gaji, muka zauna a benci a bakin tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu. Rana ta yi sanyi, mutane na ta wucewa. Na ce, "Mamana, notin nan ni na ɗaure. Ban san aikinsa ba, ban kuma tambaya ba. Na bari aka yi miki faɗa a gabana na yi shiru. Ki yafe mini."

Ta juya sandar da take dogarawa a ƙasa. Sannan ta ce, "Na gani, Baba. Tun kafin in sa ƙafa na ga goma. Malama ta koya mana mu riƙa dubawa kullum."

Na ce, "Kin gani? To me ya hana ki faɗa? Me ya hana ki kai a mayar?"

"Kai ka ɗauko su a kafaɗa tun daga gida, kana ta fara'a. Ba ka taɓa kula kayan wasana ba sai ranar. Kuma kana tsaye a gilashi kana kallona. Ta yaya zan ce maka ba ka yi daidai ba? Sai na ce zan yi a hankali, ba zan faɗi ba."

Ni na koya mata wannan. Ni nake bugun ƙirji a cikin 'yan'uwa cewa 'yata, duk da a China ta tashi, ba ta taɓa mayar mini da magana ba. Na rufe fuska da hula na yi kuka a bainar jama'a, kuka mai sauti, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mai sunanta. Ta bar ni na yi. Can ta dogara sandarta ta miƙe da ƙyar, ta miƙo mini ɗaya hannun.

"Tashi mu je gida, Baba. Mutane na kallonka."