Gaisuwar Da Na Yi A Ƙarshen Waƙa

A lokacin ni matashi ne mai ji da kansa, ina rera waƙoƙin faɗakarwa a wani ɗan situdiyo da na haɗa a ɗakin baya na gidan kawuna a Nassarawa GRA, cikin Kano. Ba na waƙar soyayya, ba na yabon 'yan siyasa, har ina yi wa masu yi kallon 'yan neman na tuwo. Ni a dole gyaran al'umma nake yi.

Ina da wani aboki tun na ƙuruciya, ɗan Tudun Murtala, wanda ya taɓa faɗawa shan ƙwaya. Allah ya taimake shi ya daina, har ya samu koyarwa a wata Islamiyya a Badawa, inda ba wanda ya san tarihinsa. Da na ce masa zan yi waƙa kan shaye-shaye, ya zauna ya ba ni labarinsa tas, har yadda ya sayar da keken ɗinkin mahaifiyarsa. Bai ce in sakaya sunansa ba, don bai zaci sai an gaya mini ba. Waƙa ta yi daɗi. Da na zo ƙarshe, wurin da mawaƙa ke jero gaishe-gaishe, bayan na gai da mai kiɗa da 'yan amshi, sai na ambaci sunansa da na mahaifinsa, na kira shi gwarzon da ya tuba. Wallahi a zuciyata karrama shi nake yi.

Waƙar ta shiga rediyo, ta shiga adaidaita sahu, ana ta yaba mini, kaina na ƙara girma. Ashe a lokacin an riga an sa masa ranar aure. Dangin yarinyar suka ji, suka maido da kaya. Iyayen ɗalibai kuma suka matsa har makarantar ta sallame shi. Da na je ba shi haƙuri, ko murya bai ɗaga ba. Ya ce ya yafe, amma in gaya masa inda zai je yanzu da ba a san waƙar ba. Na sunkuyar da kai, kunya kamar in nutse.

Har yau ina waƙa, amma wannan ban sake rera ta ba. Na gane cewa kyakkyawar niyya ba ta ba ka izinin tona asirin da Allah ya rufa wa mutum. 'Yan'uwana mawaƙa, kafin ku ambaci sunan wani, ku tambaye shi. Ni na samu suna da waƙar, shi kuwa ya bar Kano, kuma har yanzu bai yi aure ba.