Kukan Ƙafar Gaba a Hanyar Wudil

Indabo

Ana sallame sallar asuba, ina gida a Indabo, aka kira ni a waya, aminiyata Hansai ta rasu a Wudil. Tun da na shiga makarantar manya na koyi wankan gawa take ce mini, "Talatu, ke za ki wanke ni, ban yarda da hannun kowa ba." Na ɗauki mayafi da turare, na buga wa ƙanena Habu ƙofa ya fito da babur. Gari bai gama wayewa ba muka kama hanya.

Burji

Ba mu yi nisa ba ƙafar gaba ta soma kuka, ƙiii, ƙiii, kamar ɓera a tarko. Habu ya tsaya, ya kafe babur, ya juya ƙafar da hannu. Shiru. Muka hau, kukan ya dawo.

"Yaya, ina jin boris ne, ƙarfen nan da ƙafar ke juyawa a kansa."

"Ko ubansa ne, ja mu tafi."

"In ya cije muna gudu, gawa uku za a wanke yau."

Daga nan tafiyar ta koma ta jaki. Masu kekuna suna wuce mu.

Bakin kwalta

Akwai rumfar makanike a wurin, amma mai ita yana wajen mai shayi, sai da aka kira shi. Ya zo da kofi a hannu, ya gaishe mu har da tambayar damina. Na ce, "Malam, gawa ke jirana."

Ya girgiza ƙafar hagu da dama, ba ta motsa ba. Ya ce ba boris ba ne. Ya bi wayoyin ƙafar ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya cire wayar mita ya duba, duk lafiya. Ana cikin haka babban ɗan Hansai ya kira.

"Inna Talatu, mutane sun taru, liman yana jira."

"Ku ba ni kaɗan. Alkawari ne."

"To, Inna," ya ce, a sanyaye.

Makanike ya murza ƙafar, ya matsa birki a hankali, sai ga kukan ya fito. Ya kwance ta. Yashi ne ya zubo daga cikin kwanon birki, bai cika cokali ba.

Makanike ya dubi Habu. "Ka shiga kogi da babur ɗin?"

Habu ya sunkuyar da kai. "Jiya na wanke shi a can."

Mutumin ya hure, ya goge da tsumma, ya ɗaura. "Da kun yi ta tafiyarku ma, ba abin da zai same ku."

Ɗari biyar ya karɓa. Muka hau muka wuce.

Wudil

A bakin layinsu muka ci karo da makara a kafaɗun maza. Habu ya kashe babur ya bi su. Ni na raɓe jikin katanga har suka wuce. A ɗakinta ƙasa a jiƙe take, ga ƙwaryar da wata maƙwabciya ta yi wankan da ita. Na tambaye ta ko ta fara wankan da ɓangaren dama, ta ce ta fara. Turaren na ajiye a kan gado.

Komawa

Bayan la'asar muka juyo, ban iya cin komai ba. Habu ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri." Na ce ya kalli gabansa. Har ƙofar gida ƙafar nan ba ta ƙara ko tari ba.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa matar da ta wanke Hansai. Allah ya jiƙanta, ya sa ta yafe mini.